Ƙasar Kabarin Ladi

Tun da na dawo ba ku bar ni na sha shayi da daɗi ba. Kowa ya zauna sai ya ce, "Malam Sabi'u, wai me ya kai ka Bukkuyum a tsakiyar damina?" Na gaya wa Idi rabi, na gaya wa Malam Haruna kwata, shi kuma ya je ya zuba gishiri har na ji ana cewa wai haƙar zinariya muka je aka koro mu. To ga shi nan zan faɗa gaba ɗaya, kowa ya huta, ni ma in huta.

Wanda bai san Mista Mensa ba, ɗan Gana ne, malamin Turanci a makarantarmu ta sakandare nan Gusau, kuma katanga ɗaya ce tsakanin gidana da nasa. Ya tsufa a ƙasar nan. Yana jin Hausa sarai, sai dai har gobe mace da namiji duk "ya" ne a bakinsa. Da ya ajiye aiki yana shirin komawa gida, ya same ni a ƙofar gida da yamma ya ce yana so in raka shi wani ƙauye a ƙasar Bukkuyum, can wajen Gwashi, inda ya fara koyarwa a firamare yana saurayi. Na ce sallama zai je yi? Ya ce a'a, matarsa ce a can.

Ni ban taɓa sanin ya yi aure ba. Ashe ta rasu wajen haihuwa, ita da jaririn, a wata damina da ruwa ya yanke hanya, aka rufe su a can. Ya ce a lokacin ko kallon wurin bai iya yi ba, ya tattara ya bar garin. Yanzu uwarta tana raye a Gana, ta tsufa tukuf, ta aiko masa cewa kada ya shigo mata gida hannu rabbana. A al'adarsu wanda ya mutu a baƙon wuri yana nan a matsayin baƙo har sai an ɗebo ƙasar kabarinsa, ko cikin tafin hannu ce, an kai an binne cikin danginsa. Tsohuwar ta ce ita ba za ta kwanta ba sai 'yarta ta dawo.

Ƙasar kabari! A Funtuwa inda aka haife ni, in aka ga mutum ya tsuguna a maƙabarta yana ɗibar ƙasa, ba a tambayarsa sunansa sai bayan ya sha duka, domin an san masu wannan aiki da abin da suke yi da ita. Ga shi kuma shekarar da aka ƙaddamar da shari'a ce, kowa idonsa a buɗe yake. Na so in ce masa ina da uzuri. Amma mutumin da ya kai matata asibiti a kan babur ɗinsa ina can Kaduna, da wane baki zan ce masa a'a?

Muka hau Fijo a tasha. Kafin mu shiga Anka muka tarar da shingen 'yan sanda, aka ce kowa ya buɗe kaya. Da aka zuge jakar Mensa sai ga farin ƙyalle a ninke, da cokali, da gwangwanin madara fanko mai murfi. Ɗan sandan ya ɗaga ƙyallen da yatsu biyu ya ce, "Baba, wannan fa?"

Na yi wuf na ce, "Kayan shayinsa ne, yallaɓai. Ba ya shan na kowa, wai ciki."

Aka yi dariya aka sallame mu. Amma wani dattijo da ke kujerarmu bai yi dariya ba. Ya dubi jakar, ya dube ni, ya janye ƙafarsa daga kusa da ita.

Fanbel ɗin motar ya tsinke muna shiga gari, dole muka kwana a Anka, gidan wani abokina malamin asibiti. A nan aka kawo mana hoce. Ni ban san shi ba. Na ga abu fai-fai kamar waina, na kai baki da ƙarfina, saura kaɗan in bar haƙori a ciki. Mai gidan ya yi ta dariya ya ce, "Malam, ba haka aka ci nai ba, gutsura shi aka yi cikin miya." Mensa kuwa tuni ya marmasa nasa yana ci kamar ɗan gari, yana ce mini Bakatsine. Na ga dai ko ni ne Bahaushen, a wannan tafiya ni ne baƙon.

Washegari ba mu nufi Bukkuyum kai tsaye ba, muka wuce ta Ɗaki Takwas zuwa Gummi, domin tsohon hedimastan makarantar ƙauyen, Alhaji Bawa, a can ya koma da zama. Mensa yana fatan ya raka mu, ko banza a ga fuskar da aka sani. Muka same shi a zaure, ƙafafunsa a kumbure, ko masallaci sai an riƙe shi. Ya rungume Mensa yana "Ticha! Ticha, ashe da sauran ganawa!" Ya sa aka kawo mana tuwon shinkafa da kifin gulbi, irin wanda a Gusau sai dai mu ji labari. Da ya ji abin da ke tafe da mu, ya ajiye lomar da ya ɗauka.

Ya ce, "Ticha, roƙon da za ni yi maka guda na. Kak ka hiddo cokalin nan garin. Mutanen kirki na, amma huruminsu ko kara ba a hitowa da shi."

Hurumi suke ce wa maƙabarta a can.

Mensa ya sunkuyar da kai, ya yi magana a hankali da Turanci, kamar da kansa yake. Kalma ɗaya na riƙe, sanctity. Na taɓa jinta, amma in aka ce in faɗi ma'anarta sai in yi ta kame-kame. Na ce, "Tsarki ke nan ko?"

Ya girgiza kai. Ya ce tsarki yana ganin muna yin sa da buta, ya tafi ya dawo. Wannan ba a wanke ta ba a kuma sa ta. Ya ce ba a cika faɗinta a kan mutum ba, a ce wane yana da ita. An fi faɗinta a kan abin da in ka miƙa hannu za ka taɓa shi, sai ka ji hannun ya tsaya da kansa, ko ba kowa a wurin: rai, da aure, da alkawari, da kabari.

Alhaji Bawa ya ce, "Alfarma ke nan."

Mensa ya ce ta yi kusa, amma alfarma ana nemanta a wurin manya a samu, wannan kuwa ba wanda ya isa ya ba ka ita ko ya yafe maka ita.

Alhaji ya dube shi ya ce, "To ai kai ka hwaɗi da bakinka. Abin da za su ce maka ke nan."

Sauron Gummi ba ya jin maganin sauro, haka muka tashi da safe fuska duk ƙuraje. Muka samu a-kori-kura mai zuwa Bukkuyum, muka hau baya tare da buhunan taki da wata akuya da ta ɗauki gefen rigata abincin rana. Daga Bukkuyum muka hau kabu-kabu muka yi kudu. Hanyar ba hanya ba ce, caɓi ne da gonakin dawa hagu da dama sun fi mutum tsawo. Inda babur ya gaza, masu shi suka ce za su jira mu a wata rugar Fulani har yamma, muka ƙarasa a ƙafa. Sunan ƙauyen ba zan faɗa ba, kada wani ya je yana nuna musu yatsa.

Mun shiga da rana tsaka. Ban taɓa ganin gari shiru haka ba. Na san damina ce, kowa yana gona, amma ko kaza ban ji ta yi kuka ba. Hadari ya haɗo daga gabas, iska ta tsaya cak. Mensa yana gaba ina biye, har muka zo wani ɗan gida a bayan makaranta. An share ƙofarsa tas, shatin tsintsiya yana nan ɗanye, an shimfiɗa tabarma, an ajiye ƙwaryar fura a rufe da faifai da ludayi biyu a kai. Wata tsohuwa na zaune a gefe, idanunta sun yi fari fat da yana.

Kafin mu yi sallama ta ce, "Mijin Ladi na? Kun daɗe bisa hanya."

Ladi suke kiran matarsa, don ran Lahadi aka haife ta, sunanta na can gida ma abin da yake nufi ke nan. Mensa ya durƙusa ya ce, "Inna Hasi." Ita ce ungozomar da ta karɓi haihuwar, ita ta yi wa gawar wanka.

Na ce, "Inna, Alhaji Bawa ne ya aiko muku?"

Ta ce, "Bawa? Shina da rai?"

Na dubi ludayin nan biyu. Na ce, "To wa ya gaya miki muna tafe?"

Ta juyo da fararen idanun nan wajena ta ce, "Sha hura, ɗana. Tun shekaranjiya nika sharar wurin ga."

Na sha, don ba a ƙin furar tsohuwa, amma wallahi ban ji ɗanɗanonta ba.

Bayan azahar ta sa aka kai mu zauren Liman. Muna zama ruwa ya kece kamar da bakin ƙwarya, mutane suka yi ta shigowa daga gona suna fakewa, zaure ya cika. Da yawa sun gane Mensa, wasu ɗalibansa ne sun yi furfura. Aka yi ta gaisuwa da murna. Ni na yi niyyar mu ce ziyara kawai muka zo, in ya so in an shiga ya san dabarar da zai yi. Na ma raɗa masa haka a hanya. Amma mutumin naku sai ya zuge jaka a gaban kowa, ya fito da ƙyalle da cokali da gwangwani ya jera a gaban Liman, ya faɗi abin da ya kawo shi tiryan-tiryan.

Wani daga baya ya ce, "A'uzu billahi." Wanda ke kusa da ni ya matsa. Na fara auna nisan da ke tsakanina da ƙofa.

Liman dattijo ne siriri, ba ya ɗaga murya. Ya ce, "Ticha, sanda Ladi tar rasu, bayan shinge munka rufe ta, kai ma kana nan. Shekaras sanƙarau hurumi yac cika, anka matsa da shinge. Yanzu tsakiyam mutanenmu take. Ɗiyata na dama gare ta, ƙanen wanga na hagu. Ba mu tashe ta ba, ba mu ware ta ba. In ka sa cokali nan, ƙasaw wa za ka ɗiba?"

Mensa ya buɗe baki, Hausar ta gudu. Shekara da shekaru yana yinta, ran nan ko kalma ta ƙi zuwa. Ya koma Turanci, hawaye na bin kumatunsa, kalmar nan ta Gummi tana ta fitowa. Duk aka juyo ana kallona. Liman ya ce, "Malam, mi yac ce?"

Na rasa ta inda zan kama. In na ce tsarki, za a ce wane tsarki ne a tonon kabari. In na ce alfarma, za a ɗauka roƙo yake a yi masa sassauci, shi kuwa ba abin da yake faɗi ke nan ba. Na ce, "Allah gafarta Malam, cewa yake ya san abin da ya hana ku bari a taɓa wurin, kuma yana girmama shi, shi ya sa bai zo a ɓoye ba. Ya ce abin nan da ya riƙe hannunku, shi ne dai ya riƙe ƙafarsa, ya kasa komawa gida ya bar ta. Uwarta na can ta ƙi mutuwa tana jira."

Liman ya daɗe yana jan carbi. Sannan ya ce, "Hannu ba shi ɗaukar komi cikin hurumi. Wannan ba ni iya canza shi, ko ubana bai iya ba. Kayan ga su tsaya nan. Amma ziyara ba a hana ta. Tashi mu tai."

Tausayin Mensa ya kama ni. Duk wannan tafiya a banza.

Ruwa ya ɗauke wajen la'asar. Hurumin yana gabas da gari, an kewaye shi da ƙaya, itatuwa sun yi duhu a ciki saboda ba a sara. Kaɗanya ta zuba a ƙasa tana ruɓewa, ba yaron da ya tsinta. A bakin shiga akwai tulu da buta. A nan kowa ya tuɓe takalmi. A wurinmu in an fito daga maƙabarta kakkaɓe ƙafa kawai ake yi, su kuwa sai an wanke ta tas, kada a kai ƙasar mamata cikin gida.

Kaburburan duk iri ɗaya ne, tudu-tudu da fasassun tukwane, ciyawa ta rufe. Na ce a raina ko an yarda ya ɗiba, ina zai gane? Sai ga Inna Hasi, ba sanda ba ɗan jagora, ta ratsa mu ta wuce gaba. Tana tafiya tana kauce wa kaburbura kamar mai gani, tana gaishe su ƙasa-ƙasa da sunayensu. Ta tsaya a wani wuri da ƙasa ta ɗan lotsa, ruwan sama ya jiƙa shi ya yi laka ja.

Ta ce, "Ladi, ga shi ya zo."

Ba iska a wurin, na rantse, amma itacen da ke kanmu ya zubo mana da ruwa a lokaci ɗaya. Na karanta duk abin da na iya.

Mensa ya tsaya a gefen kabarin, ƙafafunsa suka nutse cikin laka har idon sawu. Ya harɗe hannuwansa a baya, kamar ɗalibin da aka kira ofis, don kowa ya ga bai taɓa komai ba. Ya daɗe a haka yana magana da harshensu. Mutanen gari suka tsaya nesa.

Da muka fito, Liman da kansa ya ɗauki buta. Ya zuba wa Inna Hasi, ya zuba mini, ya bi mutane ɗaya bayan ɗaya, kowa na cuɗa ƙafa. Mensa yana tsaye a layi yana jira, laka ta yi masa safa. Da Liman ya zo kansa sai ya wuce shi ya zuba wa na gaba. Na ɗauka mantuwa ce, har na buɗe baki, Inna Hasi ta zungure ni da gwiwar hannu. Liman ya wanke nasa, ya juye sauran ruwan a ƙasa, ya kife butar a kan tulu. Ya ce, ba tare da ya dubi kowa ba, "Rana ta yi sanyi. Baƙi su sa takalma su kama hanya."

Wani ya yi gyaran murya kamar zai yi magana. Liman ya dube shi sau ɗaya, mutumin ya haɗiye maganarsa.

Mensa ya zauna a kan wani kututture ya zura ƙafafunsa cikin takalminsa sau-ciki, da lakar da komai, ya ɗaure igiya tamau. Bai yi godiya ba, don in ya yi ya tona abin da aka rufe. Ƙyalle da cokali da gwangwani kuwa muka bar su a zauren Liman.

Muka kama hanyar rugar da masu babur ke jira. Ni dai ina ɗan ja baya da shi, ba zan ɓoye muku ba, domin duk abin da aka gaya mini ina yaro game da ƙasar kabari yana ta dawo mini. Sai muka iso wani rafi da muka tsallake da rana ko tafin ƙafa bai jiƙa ba. Ruwan da aka yi ya cika shi, jawur, yana gudu, zai kai cinya. Ba gada, ba kwalekwale, ba kowa. Rana tana shirin faɗuwa.

Mensa ya tsaya a bakin ruwa yana kallon takalminsa. In ya shiga, kafin ya kai tsakiya ruwa ya wanke komai. In ya cire ya riƙe a hannu, rabin lakar tana jikin ƙafarsa, kuma ya ce shi ba zai ɗauke ta da hannu ba, ya ji abin da Liman ya faɗa. Bai roƙe ni komai ba. Ya tsaya kawai, tsoho da furfurarsa, kamar yaron da aka manta a tasha.

Na naɗe wando, na rataya jakarsa a wuya, na tsuguna a gabansa. Na ce, "Hau, Ticha. Ka ɗaga ƙafafun sosai."

Kun san Mensa, ba shi da jiki, iska ma tana iya ɗaukarsa. Da na miƙe ban ji komai ba. Amma muna kaiwa tsakiya, inda ruwa ke tura ni, na ji nauyi ya sauko mini a baya har gwiwoyina suka lanƙwashe, kamar an ƙara wani a kansa. Takalman nan biyu suna manne da cikina, sanyinsu ya ratsa riga. Sai na ji yana magana a bayan kunnena, a hankali, da harshensu, irin muryar da ake lallashin mai ciwo.

Na ce, "Da ni kake?"

Ya ce, "A'a. Ina gaya masa mun zo ruwa." Matar yake nufi. "A wurinmu duk ruwan da za a haye sai an faɗa musu, in ba haka ba a bakin gaɓa suke tsayawa."

Na ci gaba da lalube da ƙafa. Ya sake yin magana, a ciki na ji ya ce Sabi'u.

Na ce, "Ticha, sunana na ji."

Ya ce, "I. Dole ya san wanda ya goya shi."

Na gyara su a bayana, na riƙe da kyau, muka haye.